Jakar Ulu da Tarihinta: Wa Ke Saƙa, Wa Ke Cin Riba?

'Yan'uwa mambobi, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, barkanmu da zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya. A irin wannan fitowa ta musamman mukan ware shafi mu waiwayi asalin ɗaya daga cikin sana'o'in hannu na mata. Bana mun ɗauko jakar ulu, wato wadda ake saƙawa da kwarashi, sannan a tsoma ta a ruwan zafi da sabulu a yi ta murza, har ta tsuke ta cure, idon saƙar ya ɓace, ta yi kauri kamar hular dara. Mai ganin hotonta a waya sai ya ɗauka sabon yayi ne na 'yan shekarun nan. Alhali sana'o'i biyu ne suka haɗu a jikinta: cure ulu, wanda ya haura shekara dubu biyu a duniya, da saƙar kwarashi, wadda labarinta a rubuce bai wuce shekara ɗari biyu da ɗoriya ba.

Da muka bi sawun sana'o'in nan biyu, akwai abu guda da muka riƙa cin karo da shi a ƙasa bayan ƙasa. Mata ke yin aikin da ya fi cin lokaci da ido, amma ribar takan tsaya a hannun wanda ya riƙe zare tun farko da wanda ya riƙe kasuwa daga ƙarshe. Wannan shi ya sa muka ga labarin ya dace da shafin ƙungiyar gama kai.

Me ya sa ulu ke curewa?

Kafin mu shiga tarihi, bari mu fara da gashin kansa. Idan aka duba silin gashin tunkiya mai ulu a madubin ƙara girman abu, za a ga jikinsa cike yake da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna, kamar na jikin kifi, duk sun fuskanci gefe guda. Da zarar ruwan zafi da sabulu sun ratsa shi, sai silin ya kumbura, ɓawon ya ɗan ɗaga. In aka murza, kowane sili sai ya zame ya yi gaba, amma ɓawon ya hana shi komawa baya. Haka za su yi ta sarƙewa da juna har su zama abu ɗaya. Shi ke nan, in ya cure ya cure, babu mai warware shi kuma. Ana iya sa almakashi a yanka shi ba tare da ya zare ba.

Auduga ba ta da wannan ɓawon, siliki ma haka, balle zaren roba. Don haka ko kwana aka yi ana murza su, ba za su cure ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hanya biyu ce ake bi. Ta farko, a shimfiɗa gashin yadda yake, ba kaɗi ba saƙa, a jiƙa shi a yi ta dannawa da mirginawa har ya zama shimfiɗa. Ta biyu, a kaɗa zare, a saƙa abin da ake so da ɗan girma fiye da ƙima, sannan a wanke shi ya tsuke. Jakarmu ta hanya ta biyu ce, amma ta farkon ita ce uwa.

Mutanen da suka yi ɗaki da ulu

Makiyayan tsakiyar nahiyar Asiya su ne suka fi kowa daɗewa da shahara a wannan aiki. A tsaunukan Altai da ke kudancin Saibiriya, a wani wuri da ake kira Pazyryk, wani masanin Rasha mai suna Sergei Rudenko ya tona kaburburan manyan makiyayan dā a shekarun 1940. Ruwa ya shiga kaburburan tun da daɗewa ya daskare, ƙanƙarar ta adana kayan ciki fiye da shekara 2,000. An samu safa ta curarren ulu, da shimfiɗun sirdi masu ado, da wani ƙaton labule da tsawonsa ya haura mita shida, an yanka curarren ulu mai launi-launi an ɗinka masa hoton mahayin doki. Har yau suna nan a gidan tarihi na Hermitage a birnin St. Petersburg. Duk wadda ta ga hotonsu za ta san masu wannan aiki ba a ranar suka fara koyo ba, sana'ar ta riga ta tsufa a hannunsu.

A Mongoliya, tantin da makiyaya ke kwana ciki da curarren ulu ake rufe shi. Sukan shimfiɗa gashin, su yayyafa ruwa, su naɗe shi a jikin wani dogon itace, su ɗaura wa doki ko raƙumi ya yi ta ja a fili yana mirginawa har ya haɗe. A Kirgistan kuwa aikin mata ne. Sukan jera gashin a kan tabarmar kara, su kwarara ruwan zafi, su naɗe, su ɗaure, su yi ta tattakawa, daga baya su durƙusa a jere su murza da damatsa. Mace ɗaya ba ta iyawa, sai an yi gayya. Daga nan suke fitar da dardumar da suke kira shyrdak, wadda uwa kan tanadar wa 'yarta cikin kayan ɗaki. A shekarar 2012 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun da ke buƙatar ceto da gaggawa, saboda dardumar masana'anta mai araha ta cika kasuwa, 'yan mata kuma sun rage koyo. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, lokacin da albashi ya yanke wa gidaje da yawa, matan wasu garuruwa irin su Kochkor sun haɗa kai suna sayar da aikinsu tare, kuma hakan ya taimaka wajen riƙe sana'ar.

Tattaka da bugu

Hanya ta biyu, wato a saƙa sannan a tsuke, ita ta yi ƙarfi a ƙasashen bakin Bahar Rum da Turai. Yadin ulu in ya sauko daga masaƙa sako-sako yake, ga maiƙo, iska na ratsa shi. Sai an wanke an buga kafin ya zama abin da zai tare sanyi da yayyafi. A garin Pompeii na Italiya, wanda aman dutse ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an tono shagunan masu wannan aiki da kwatamansu. Ma'aikata kan tsaya cikin kwatami su yi ta tattaka yadi da ƙafa. Kuma da me suke wankin? Da wata irin laka mai tsotse maiƙo, da kuma, ku gafarce mu, tsohon fitsari, domin sinadarin da ke cikinsa yana yanke maiƙo. Abin ya zama kasuwa sosai har Sarkin Rum Vespasian ya sa masa haraji.

Daga ƙarni na 12 zuwa na 13 sai injin ruwa ya bazu a Ingila da maƙwabtanta. Kogi ke juya wata babbar ƙafa ta katako, ita kuma ta riƙa ɗaga manyan guduma tana saki a kan jiƙaƙƙen yadi, kamar dai taɓarya a turmi. Aikin mutum da yawa ya koma na injin guda. To amma injin na mai ƙasa ne ko na gidan ibada mai dukiya, kuma a wurare da dama an tilasta wa talakawa kai yadinsu can su biya. Kun ga tun a nan riba ta fara gudu daga hannun mai saƙa zuwa hannun mai gamawa.

Inda injin bai kai ba, mata suka ci gaba da yi da hannu. A tsibiran Hebrides na yammacin Sikotland, mata kan zauna su kewaye dogon katako, su jiƙa yadin, kowace ta damƙa ta buga ta miƙa wa ta kusa da ita, suna waƙa, ɗaya na bayarwa saura na amshi. Duk wadda ta taɓa tsayawa a bakin turmi ana lugude ta san amfanin waƙa a irin wannan wuri: ita ke daidaita hannu, ita ke rage gajiya. Da yawan waƙoƙin da aka yi suke ƙiyasta ko yadi ya kusa nuna. Wannan al'ada ta kai har wajen tsakiyar ƙarni na 20.

Ba yadi kaɗai ake yi wa haka ba, har da hula. A Ingila ana saƙa hular ulu da kibiya a tsuke ta, kuma sana'ar ta ciyar da mutane da yawa, har a 1571 majalisa ta yi doka cewa yawancin maza daga ɗan shekara shida su sa hular ulu saƙar ƙasar a ranakun Lahadi da na hutu, wanda ya ƙi a ci shi tara. An yi dokar ne don kada masu saƙar su rasa abin yi.

Jar dara, 'yar'uwar jakarmu

A nan ne labarin ya zo ƙofar gidanmu. Jar darar da kakanninmu maza ke sawa, wadda har gobe ake naɗa rawani a kanta, da wannan dabara ake yin ta. A shekarar 1609 Sarkin Sifen ya ba da umarnin korar zuriyar Musulmin Andalus daga ƙasar. Dubbai daga cikinsu suka sauka a Tunisiya, kuma su suka ɗaukaka sana'ar hular da mutanen can ke kira shashiya. Kafin ƙarshen ƙarni na 17 an gina wa masu ita kasuwarsu ta musamman a cikin birnin Tunis, kusa da masallacin Zaituna.

Ku dubi yadda hula ɗaya ke yawo kafin ta hau kai. Ulun mai laushi daga waje ake sayo shi, a dā daga Sifen. Mata ne ke saƙa ta da kibiya a cikin gidajensu, fara fat, ƙatuwa, sako-sako, wadda in ka gan ta ba za ka ce kan mutum za ta zauna ba. Daga nan a kai ta El Battan, wata gada mai madatsar ruwa a kan kogin Majarda, inda ake bugun ta cikin ruwa da sabulu har ta tsuke, idon saƙar ya ɓace. Sunan wurin ma daga kalmar Sifaniyanci ta injin bugun ulu ya samo asali. Sai a taje ta da ƙayar wani tsiro don gashinta ya tashi ya yi laushi, a kai ta garin Zaghouan a rina ta ja, a dawo da ita Tunis a ɗora a kan ma'auni ta ɗauki siffa, a danne, a ɗinka mata tambarin mai shago.

Ayarin fatake ne ke ratso Sahara da ita ta Tarabulus da Gadamas da Agadas. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya lissafa jajayen huluna cikin tufafin Larabawa da ake kawowa kasuwar birnin. Mulufi ma, jan yadin nan na alkyabba da kayan doki, ulu ne da aka saƙa aka tsuke. Ke nan idanunmu sun daɗe da sanin curarren ulu, a kan iyayenmu maza da dawakin sarakuna, ko da yake hannunmu bai saba yin sa ba. Har yanzu Najeriya da Nijar da Libiya suna cikin masu sayen hular Tunis.

To, a wannan doguwar tafiya ta hula, wa ke da suna? Masu shaguna na Tunis, maza, waɗanda ke da ƙungiyar sana'a da shugabanta da ake kira amin. Su ke sayo ulu, su ke raba wa mata, su ke biyan ladan saƙa a kan ƙidaya, tambarinsu ne a jikin hula, kuma suna cikin masu faɗa a ji na birni. Matar da ta saƙa kuwa, ladan hannunta kawai take karɓa. Da masana'antun Faransa da na garin Strakonice a ƙasar Cek suka fara fitar da irin hular da araha a ƙarni na 19, kasuwar Tunis ta ja baya, aikin da ake kai wa mata gida ya ragu tare da ita.

Kwarashi, autan sana'o'in zare

Mu koma ɗaya rabin jakar. Kalmar kwarashi daga Faransanci ta zo, ma'anarta ƙaramar ƙugiya. In aka gwada da kaɗi da saƙar masaƙa, kwarashi jariri ne. Makiyayan Sikotland da na arewacin Turai suna da wata saƙa mai sauƙi da suke yi da ƙugiya da zaren ulu tun kafin a fara rubuta ta. Amma bayanin saƙar kwarashi na farko da aka sani a buge, a wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé ya fito, a shekarun 1820. Kuma kun san abin da aka koyar a ciki? Jaka. 'Yan ƙananan jakunkunan zuba kuɗi na zaren siliki. Ashe tun ran farko kwarashi da jaka tare suka taso.

Da fari abin hira ne na matan masu hali. Yunwa ce ta mai da shi sana'a. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta lalata dankalin da talakawan ƙasar Ayalan suka dogara da shi. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira. A wannan hali ne matan gidajen ibada na Cork, da wasu mata irin su Cassandra Hand a garin Clones, suka shiga koya wa mata da yara saƙar leshi da kwarashi. Abin da ya sa ta karɓu a fili yake: jarinta ƙugiya ɗaya ce da ƙullin zaren auduga, ana yin ta a ɗaki, in ta yi datti a wanke. Iyali kan raba aiki, wannan ta ƙware a fure, waccan a ganye, wata ta haɗa. Kuɗin leshin nan ya ciyar da gidaje, ya kuma biya wa wasu kuɗin jirgi zuwa Amurka, suka tafi da sana'ar can. Ita kanta Sarauniya Victoria ta koyi kwarashi, kuma a ƙarshen rayuwarta ta saƙa mayafan wuya guda takwas aka ba wasu sojojin da suka yi yaƙi a Afirka ta Kudu.

Akwai wani abu game da kwarashi da ya kamata kowace mai yi ta sani. Injin saƙa irin ta kibiya tun 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera shi, shi ya sa rigar sanyi ta masana'anta ta cika duniya. Amma har yau masana'antu ba su da injin da ke yin saƙar kwarashi ta ainihi yadda hannu ke yi. Duk jakar kwarashi ta gaske da kuka gani a kanti, komai arahar ta, wani ne ya zauna ya saƙa ta ido bayan ido, kuma galibi mace ce. In an sayar da ita da arahar banza, to a ladan wannan matar aka rage.

Ladan shayi, da shagon Rochdale

Misalin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na tsibiran Shetland, can arewa da Sikotland. Matan wurin sun yi suna a saƙar ulu, suna tafe da kaya a baya suna saƙa. Amma 'yan kasuwar da ke karɓar aikin ba sa biyan su da kuɗi. Sai dai mace ta kawo mayafin da ta yi makonni tana saƙawa, a ce ta ɗauki ganyen shayi ko yadi ko wani abin kanti a farashin da mai kanti ya yanka. In tana son kuɗin hatsi ko na haya, sai ta bi gida-gida ta sayar da shayin da hasara. Sau da yawa ma zaren na mai kantin ne, don haka ba ta da ikon kai aikin wani wuri. A 1872 gwamnatin Birtaniya ta aika aka yi bincike, mata suka zo suka ba da shaida da bakinsu. Duk da dokar da ta biyo baya, wannan ciniki bai mutu sosai ba sai wajen Yaƙin Duniya na Biyu.

Wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Wace ce cikinmu ba ta san mai kawo zare ya ce a saƙa masa kayan jarirai dozin kaza, ya biya ladan da bai kai kuɗin cefanen yini ba, ko dillaliyar da za ta ɗauki kaya sai bayan wata biyu a ga rabin kuɗi?

Maganin da masu irin wannan matsala suka samo, shi ne tushen ƙungiyoyi irin tamu. A garin Rochdale na Ingila, garin masaƙan yadin ulu, mutum 28, da yawansu masaƙa, suka tara fam 28, suka buɗe ɗan shago a ranar 21 ga Disamba, 1844. Kayan da suka fara da su ba su wuce gari da sukari da man shanu da hatsin oat da kyandir ba. Abin da ya bambanta su shi ne ƙa'idojinsu: kowane mamba ƙuri'a ɗaya komai yawan jarinsa, awo na gaskiya, ciniki hannu da hannu, ribar kuma a raba gwargwadon cinikin da mutum ya yi da shagon. A 1846 wata mata mai suna Eliza Brierley ta biya kuɗinta ta zama mamba da sunanta, a zamanin da dukiyar matar aure a Ingila ke ƙarƙashin ikon mijinta. A 1883 matan ƙungiyoyin suka kafa tasu haɗaɗɗiyar ƙungiya. A Najeriya, dokar farko ta ƙungiyoyin gama kai a 1935 aka yi ta. Mu dai can ma ba a bar mu a baya ba wajen adashi da gayya, abin da tsarin ya ƙara mana shi ne rajista da littafin lissafi da zaɓe.

Yadda ta iso hannunmu

Kakanninmu mata 'yan auduga ne. Su gurza, su shiɓa, su kaɗa da mazari, su fitar da zare da abawa, wasu su saƙa gwado a tsayayyar masaƙa. Kwarashi da kibiya kuwa ta hanyar makaranta suka shigo, a darasin ɗinki da kula da gida na makarantun 'yan mata, irin waɗanda aka fara buɗewa a Kano da Katsina a 1930, da na 'yan mishan. Daga baya cibiyoyin koyar da mata sana'a suka yaɗa su, musamman bayan shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987. Sauran kuwa maƙwabciya ce ta koya wa maƙwabciya, har hula da safa da rigar sanyin jariri suka zama kayan barka.

Me ya sa cure ulu bai biyo su ba? Amsar tana jikin tumakinmu. 'Yankasa da uda da balami duk masu gashi ne gajere mai kauri, irin wanda ya dace da zafinmu, ba ya kaɗuwa. Tumaki masu ulu a yankinmu sai can Masina a ƙasar Mali, inda masaƙan Fulani ke yin barguna da shi, da wasu kaɗan a bakin kogin Kwara a yammacin Nijar. Sannan zaren da ke cike da kasuwanninmu, wanda muke kira ulu, yawancinsa roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur, wanda ya shiga kasuwar duniya wajen 1950. Yana da araha, ga launi, ga sauƙin wanki, ya dace da kayan yara. Amma ba ya curewa.

Saboda haka duk mai son yin jakar nan, sai ta fara tabbatar da zarenta. A yanki ɗan guntu a kusanta shi da ashana. Ulu na gaske yana ƙauri irin na gashi, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murmushe a yatsa. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. A kuma duba takardar jikin ƙullin, domin akwai ulun da aka yi wa magani don kada ya tsuke a wanki, shi ma ba zai yi ba. Inda sabon zare ya yi tsada, tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo, irin na Ƙofar Wambai, akan samu na ulu zalla a ciki, a warware a wanke a sake saƙawa.

Sauran aikin bai da wuya, sai dai yana son lura. A yi amfani da kwarashi mai ɗan kauri, a saki hannu, don silin ya samu wurin motsi. A fara da ɗan gwaji kamar faɗin tafin hannu, a auna shi kafin wanki da bayan wanki, domin kowane zare da irin tsukewarsa, wani ya rage kashi ɗaya cikin huɗu, wani ya fi haka. Da wannan awon za a san girman da za a saƙa jakar. A zuba ruwa mai zafin da hannu zai iya jurewa, da sabulu kaɗan, a yi ta murza ko'ina daidai, ana tsoma ta a ruwan sanyi lokaci-lokaci. A riƙa dubawa, domin in ta wuce ba ta dawowa. In idon saƙar ya ɓace, a ɗauraye, a matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a cusa mata roba ko kwano mai siffar da ake so, a shanya a inuwa. Wajen ajiya a kiyaye ta daga asu, shi ne babban abokin gabar ulu.

Abin da ya rage gare mu

In muka jera labaran nan, za mu ga jakar ulu tana da gaɓa huɗu: sayen zare, saƙa, curewa da gamawa, sai sayarwa. Matan Tunis da na Shetland gaɓa ta biyu kaɗai suka riƙe, ita ce mafi cin lokaci, ita ce kuma mafi ƙarancin lada. Mace ɗaya a ɗakinta da wuya ta riƙe duka huɗun, don ba ta da jarin sarin zare, ba ta da hanyar kasuwa. Ƙungiya kuwa tana iyawa. Za ta iya sarin zare da yawa ta raba wa mambobi a farashin sari. Za ta iya sa ranar wanki ta gayya, tukunya ɗaya, itace ɗaya, hannu da yawa. Za ta iya tsayar da awo ɗaya don jakunkuna su fito daidai, ta ɗinka tambarinta a ciki tare da sunan wadda ta saƙa.

Abu na ƙarshe shi ne farashi. Muna roƙon kowace mai saƙa ta fara rubuta awannin da jaka ɗaya ke ci mata, daga ɗaurin farko zuwa shanya, ta haɗa da kuɗin zare da sabulu da itace da zif. Ku zo da wannan lissafi taro mai zuwa, mu zauna mu yanke mafi ƙarancin kuɗin da ba za mu sauka ƙasa da shi ba, ko wa ya zo saye. Iyayenmu da suka iya kaɗi kuma, muna son ku zauna da 'yan matanmu ku nuna musu riƙon mazari, domin ranar da muka samu gashin ulu ɗanye, hannunku za mu nema.

Allah ya sa albarka a sana'armu, ya maimaita mana na baɗi da lafiya.